Shaƙewa

shaƙewa (suna, mace, daga aikatau shaƙe). Matse wuyan mutum da hannu ko igiya har jini ko numfashi ya kasa wucewa.

A sashen gaggawa, likita ya fi jin tsoron manyan jijiyoyin gefen wuya. In aka danne su, mutum kan suma cikin kamar daƙiƙa 10. Minti 4 zuwa 5 babu iskar oksijin, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sun fara mutuwa. Sau da yawa wuyan sumul yake, ko ƙwarzane babu, shi ya sa ake raina abin. A lura da dishewar murya da ɗigon jini a farin ido. Jijiyar da ta tsage kan jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki.

Misali: Ya farfaɗo daga shaƙewar, amma likita ta ce sai an ɗauki hoton wuyansa.