Dutsen Dala: Karatun Tarihin Kano Daga Bisa



Duk wanda ya ce ya san Kano, alhali bai taɓa hawa Dala ba, to lunguna ya sani, bai san birnin ba. Daga ƙwanƙolin wannan dutse ne mutum yake ganin yadda aka kafa gari, da dalilin da ya sa aka kafa shi a nan.

Mu fara da dutsen kansa. Masu binciken kufai sun tono alamun narkar da tama a wurin, waɗanda aka kimanta sun kai ƙarni na 7. Ashe ƙarfe ne ya fara tara mutane a gindinsa, tun kafin a san sarauta. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Barbushe, mai kula da Tsumburbura, a kan dutsen yake zaune, ba ya saukowa sai lokacin da zai sanar da jama'a abin da shekara za ta zo da shi. A lissafin da aka saba bi, Bagauda ya karɓi mulki a 999, jikansa Gijimasu kuwa (1095-1134) shi ya fara ginin ganuwa.

To, idan mai hawa ya kai bisa ya huta, sai ya dubi yamma, zai hangi Goron Dutse. In ya juya kudu maso gabas, ga Kasuwar Kurmi, can bayanta ga Babban Masallaci da Gidan Rumfa. Wannan jeri kaɗai darasi ne: Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya janye mulki daga gindin dutsen tsafi, ya kafa shi kusa da masallaci da kasuwa, ya kuma faɗaɗa ganuwa. Daga wannan kasuwa ce fatake suka riƙa ɗaura kaya zuwa Gwanja neman goro, kuma a ƙarni na 19 Jega, maƙwabciyar Mungadi da Aliero, tana cikin manyan zangunansu. Saboda haka labarin nan namu ne mu ma, mutanen ƙasar Kabi.

A 1851 Bajamushen nan Barth ya hau Dala ya zana birnin. Ya tarar da filaye masu faɗi a cikin ganuwa. Magabata sun bar su ne da gangan, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, a yi noma a ci.

Yau gidaje sun cinye filayen nan, sun kuma matso har gindin dutsen. Ruwan sama na zaizayar jikinsa, ganuwa kuwa an kwashe ƙasarta a wurare da dama, an yi gini a kan gurbinta. Mai hawa yanzu sai ya yi da gaske kafin idonsa ya bi layinta.

Jama'a, ku ne za ku riƙe ofisoshin filaye da na tsara gari gobe. Takardar da za ku sa wa hannu ita za ta yanke ko jikokinmu za su ga ganuwar Kano da ta Surame, birnin Kanta, ko kuwa sai dai a ba su labari. Allah ya ba mu ikon riƙe amana.