Ritaya

ritaya, sn., mc. Ajiye aikin albashi bayan cikar shekarun aiki. A Kano ma'anar ta faɗaɗa: tun bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, masaƙu da dama a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun rufe saboda ƙarancin lantarki da kwararar atamfar waje. Ma'aikata suka yi ritaya ba shiri, 'ya'yansu suka kama kasuwanci a Kantin Kwari ko tuƙin adaidaita-sahu. Wasu kan ce ritaya hutu ce. To amma hutu sai da fansho, kuma tsohon makanikin masaƙa da ke koya wa yara gyaran janareta a ƙofar gida bai huta ba, sana'a ya sauya. Wannan ma ritaya ce, kuma ta fi zaman jiran fansho amfani.