Daga Ungozoma zuwa Lokotoro: Matan da ke Jinyar Iyali a Ƙasar Maraɗi

Kafin a gina gidan likita a Sae Sabuwa, ungozoma ce likitar iyali a ƙauyukan Gobir da Katsinar Maraɗi. Ita ke karɓar haihuwa, ta yanke cibi, ta tsaya kan wankan jego har a yi arba'in. Ladanta bai wuce damin hatsi da sabulu da kason naman suna ba. Sai dai tana kwana a ɗakinta, cikin danginta, kuma gari ya san girmanta.

A 1918 Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar, inda aka horar da ungozomomin zamani domin ƙasashen da ta mallaka. Amma ƙauye bai ga amfaninta sosai ba. Bayan samun mulkin kai a 1960, jihar Maraɗi ta zama fagen gwajin wani sabon tsari: gari ya zaɓi tsofaffin ungozomominsa, a koya masu tsabtar karɓar haihuwa, su koma gida da ɗan akwatin magani. Irin wannan tunani ne taron Alma-Ata na 1978 ya ɗaukaka a duniya.

Da jami'ar Yamai ta fara koyar da likitanci a shekarun 1970, sai ƙofa ta buɗe wa 'ya'ya mata. Amma wadda ta kammala ta tarar da rayuwar da kakarta ba ta sani ba. Ana iya tura ta Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, mijinta na wani gari, 'ya'yanta na hannun uwarta. Da rana tana duba marasa lafiya, da dare a buga mata ƙofa saboda naƙuda. In damina ta kama, zazzaɓin cizon sauro da tamowa su cika ɗakunan jinya.

Yunwar 2005 ta ƙara wannan nauyi. A 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Jama'a suka yi ta tururuwa, alhali kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita yakan yi jinkiri. Mai farar riga ita ke fuskantar uwar da ta zo ta tarar babu magani.

Abin da ke cikin haɗari a nan ba jin daɗin mutum ɗaya ba ne. A ƙasar da mata da yawa suka fi sakin jiki da mace 'yar'uwarsu, duk likitar da gajiya ta kora zuwa birni, gari guda ne ya yi rashi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana yaye likitoci a yau, kusa da gida. Saura a tanadar masu abin da ungozoma ta samu tun da can: muhalli, da abokiyar canjin aiki, da mutuncin gari. Malaman makaranta da ke tura 'yan mata wannan hanya su ne ya kamata su fara neman masu wannan haƙƙi.