Jinyar masu cutar daji a Gwarzo da Kabo

Cutar daji, wadda ake kuma kira sankara ko kansa, tana samuwa ne idan wasu ƙwayoyin halitta na jikin mutum suka riƙa hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba, har su zama ƙari, daga baya kuma su bazu zuwa wasu sassan jiki.

Ƙiyasin cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 kusan mutum 128,000 ne suka kamu da cutar a Najeriya, kimanin 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, sannan ta bakin mahaifa.

A ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin jihar Kano, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna suna da jama'a sama da 330,000 idan an haɗa, maganin cutar a birni yake, amma jinyar a gida ake yin ta. Wanda ake yi wa allurar kemo yakan yi yini ɗaya ko biyu a asibitin birni cikin kowane mako uku. Sauran kwanakin yana hannun iyalinsa, da kuma ma'aikatan jinya na asibitin da ya fi kusa da shi.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Kalmar daji a bakin masu maganin gargajiya ta fi faɗi a kan abin da likitoci ke nufi da kansa. Tana ɗauke da gyambon da ya ƙi warkewa, da kumburin ƙafa, da ƙurji mai zurfi. Akwai kuma tsohon imani a ƙasar Hausa cewa daji ba ya son ƙarfe, wato idan aka yi masa allura ko aka sa masa wuƙa sai ya harzuƙa.

Ba a rasa dalilin da ya sa wannan magana ta zauna a zukatan mutane ba. Yawancin waɗanda ake kaiwa asibiti sai cutar ta ci jiki ake kai su, saboda haka idan aka yi aiki mara lafiya ya rasu bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa wuƙar laifi. Alhali jinkirin ne ya yi ɓarnar. Ƙarin da aka cire yana ƙarami, bai bazu ba, shi ne wanda aka fi samun nasara a kansa. Sakiya da tsaga da ƙaho a kan irin wannan ƙari kuwa ba abin da suke haifarwa sai zubar jini da ruɓewar wurin.

Alamun da ma'aikatan jinya ke neman a gaggauta kai musu sun haɗa da ƙullutu a mama ko a hamata, ko da ba ya ciwo, da jinin da ke zuwa wa mace bayan saduwa ko bayan ta daina al'ada, da jini a fitsari ko a bayan gida, da wahalar fitsari ga dattijo, da rama ba dalili. Ga yara kuma, kumburin muƙamuƙi ko na ciki da ke girma cikin sauri, ko farin ɗigo a tsakiyar ido.

Daga Gwarzo zuwa birni

Gwarzo tana da nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano, Kabo kuma ta ɗan fi kusa. Mara lafiya daga Getso ko Kutama ko Garo yakan fara ne da ƙaramin asibitin garinsu, daga nan zuwa Babban Asibitin Gwarzo ko asibitin Kabo, inda za a duba shi a rubuta masa takardar turawa.

Ba a tabbatar da cutar daji da ido, ba a kuma tabbatar da ita da hoto kaɗai. Sai an yanki ɗan guntun tsoka daga ƙarin an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje, kuma a manyan asibitocin birni ake wannan aiki, musamman Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, inda kuma rajistar masu cutar daji ta Kano take. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad shi ma yana karɓar masu cutar da yawa.

Hanyoyin magani uku ne manya: tiyata, da allurar kemo mai kashe ƙwayoyin cutar, da gashi da na'ura. Sau da yawa akan haɗa biyu ko duka ukun. Wasu masu sankarar mama kuma akan ɗora su a kan ƙwayar tamoxifen, wadda ake sha kullum har shekara biyar ko fiye.

Gashi shi ne ya daɗe yana wahalar da mutanen Kano. Shekaru da dama sai dai a tafi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Sakkwato, ko Abuja, a nemi masauki, domin gashin kwana biyar ake yi a mako, na tsawon makonni. A farkon 2023 aka ƙaddamar da cibiyar kula da masu cutar daji ta jihar Kano a unguwar Giginyu, a 2025 kuma aka buɗe wata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Tsakanin allura da allura

A nan ne mafi yawan aikin yake, kuma a nan ne ake yawan yanke magani. Allurar kemo ba ta bambance ƙwayar cuta da lafiyayyar ƙwayar da ke saurin hayayyafa, shi ya sa gashin kai ke zubewa, baki ya yi miki, amai da gudawa su taso. Iyalin da ba a yi wa bayani ba sukan ɗauka maganin ne bai karɓe shi ba, su ƙi komawa. Gashin kai yana dawowa bayan an gama, amai kuma yana da magani. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne tsallake zagaye, domin akan tsara zagaye shida zuwa takwas ne, a jere.

Haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne tsakanin kwana bakwai zuwa goma sha huɗu bayan allura, lokacin da fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki suke yin ƙasa ƙwarai. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 a wannan tsakanin, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne, a kuma gaya wa ma'aikacin da aka tarar cewa mara lafiyar yana kan kemo. A wurin da kowane zazzaɓi ake kiransa na cizon sauro a saya masa magani a kemis, wannan kuskure yana iya cin rai cikin yini guda. Don haka ma'aunin zafin jiki na daga cikin abin da ya kamata mai jinya ya fara saya.

Sauran aikin na yau da kullum ne. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa mara lafiya. Kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi sau da yawa a rana. Abinci kaɗan-kaɗan amma a kai a kai, kamar kunun gyaɗa da alale da ƙwai da dafaffiyar madara, a kuma guji nonon da ba a dafa ba da ɗanyen ganyen da ba a wanke sosai ba. Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta ci masa baya da ƙugu. Wanda ake wa gashi kuma kada a goge alamar da aka zana masa a fata, kada a shafa wa wurin wani mai sai da izinin asibiti.

Ƙarin da ya fashe yana wari shi ne abin da ya fi raba mara lafiya da jama'a, har wata ta daina fitowa tsakar gida. Ma'aikatan jinya sukan wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta, su barbaɗa garin ƙwayar metronidazole, wadda aka fi sani da Flagyl, warin kuma yakan ragu cikin 'yan kwanaki. Aiki ne da za a iya koya wa 'ya ko ƙanwa ta riƙa yi a gida. Kuma ba a ɗaukar cutar daji ta hanyar cin abinci tare ko wanke miki, saboda haka babu dalilin ware wa mara lafiya kwano ko ɗaki.

Ta fuskar ibada, malamai sun bayyana cewa mara lafiya yana da rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya, ko ya ciyar idan ba a sa ran warkewarsa, yana kuma iya taimama idan ruwa zai cutar da mikin.

Rage raɗaɗi

Ko cutar ta wuce a warkar da ita, ba ta wuce a rage raɗaɗinta ba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da irin su farasitamol, idan bai isa ba a hau zuwa matsakaita kamar kodin ko tiramadol, sannan mofin. Ƙa'idar ita ce a ba da maganin ta baki, a kan lokaci, kada a jira sai ciwon ya taso. Ruwan mofin duk bayan awa huɗu ake shan sa, tare da maganin sassauta ciki, domin yana ƙulle bayan gida.

Matsalar shaye-shayen kodin da tiramadol a Kano ta sa iyalai da dama suna tsoron waɗannan magunguna, har sukan hana mara lafiya sha. Likitoci na cewa wanda ke shan mofin saboda ciwon daji, bisa awon da aka rubuta masa, ba kasafai yake zama ɗan ƙwaya ba. Wahalar da ta fi yawa ita ce samun maganin, don a manyan asibitoci aka fi ajiye shi. Ƙasar Yuganda ta magance irin wannan matsala a 2004, inda ta ba ma'aikatan jinya da suka samu horo na musamman ikon rubuta mofin, saboda likitoci ba su kai ƙauyuka ba.

Kuɗin magani

Yawancin iyalai daga aljihunsu suke biya, kuma ba maganin kaɗai ba: akwai kuɗin mota, da gwajin jini kafin kowace allura, da abincin mai jinya. Manomi yakan sayar da amfanin gona, ya bi da dabbobi, wani lokaci har gonar.

A 2019 gwamnatin tarayya ta fara wani shiri na rage farashin wasu magungunan kemo, kuma Asibitin Malam Aminu Kano na cikin asibitocin farko da aka sa a ciki. A 2021 aka fara Asusun Tallafa wa Masu Cutar Daji, domin marasa galihu masu sankarar mama da bakin mahaifa da furostet, inda asibitin Shika ya wakilci arewa maso yamma a zangon farko. Ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti shi ne wurin tambayar yadda ake shiga.

Waɗanda ake iya karewa

A watan Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kyauta, kuma Kano na cikin jihohin farko. Ga matan aure akwai gwaji mai sauƙi da ungozoma ko ma'aikaciyar jinya da aka horar za ta iya yi da ruwan kal, ta ga canjin da ke bakin mahaifa tun bai zama sankara ba.

Sankarar hanta tana da alaƙa da ciwon hanta nau'in B, wanda ake yi wa jariri rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa, da kuma dafin hunhuna da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da laima.

Akwai kuma tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na madatsa, irin su madatsar Challawa da ke Ƙaraye, maƙwabciyar Gwarzo da Kabo. Yaro mai fitsarin jini ba balaga yake ba, kamar yadda wasu ke ɗauka. Tsutsa ce ke zuba ƙwai a bangon mafitsara, kuma idan ta daɗe ba a kashe ta ba tana iya kai wa ga sankarar mafitsara bayan shekaru. Ƙwayar praziquantel ce maganinta, ana kuma auna ta ne da nauyin yaro ko tsawonsa.