Ɗaukar Hoton Namun Daji

Ɗaukar hoton namun daji sana'a ce ta bin dabbobi da tsuntsaye har inda suke rayuwa, a ɗauko siffarsu ba tare da an kama su ko an kashe ba. Kayan aikinta na zamani ne, amma dabarunta na maharba ne: sanin sawu, lura da inda iska take kaɗawa, da haƙurin kwanto.

Da aka bayyana fasahar hoto a Faransa a 1839, sai abu ya tsaya cak na tsawon mintuna kafin hotonsa ya fito, dabba kuwa ba ta tsayawa kowa. Sai bayan 1870, da aka samu faranti busasshe mai saurin kama haske, hanya ta buɗe. A 1884 Bajamushe Ottomar Anschütz ya ɗauki farar shamuwar Turai tana tashi sama, irin tsuntsun nan da ke ƙetaro Sahara ya yi hunturu a ƙasashenmu.

Waɗanda suka mayar da abin sana'a sosai su ne wa da ƙane, Richard da Cherry Kearton, 'yan Yorkshire ta Ingila. Littafinsu na 1895 kan sheƙunan tsuntsaye kaf hotuna ne na kyamara, babu zanen hannu. Da suka ga tsuntsu ba ya yarda mutum ya matso, sai suka sa aka yi musu sa na ƙarya da fatar sa ta gaske, mutum ya shige cikinsa ya duƙa, idon kyamara yana leƙowa ta ƙirji. Duk wanda ya san maharban ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba. Tun kafin zuwan kyamara maharbi kan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya dinga rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya isa kusa da barewa ba ta ankara ba. A Amurka ma daga maharba aka koya. George Shiras ya ɗauki dabarar 'yan ƙabilar Ojibwe ta haska dabba da wuta daga cikin kwalekwale da dare, ya musanya makami da kyamara, a wani tabki na jihar Michigan. Shi ne kuma ya shahara da ɗana igiya a turbar dabba, in ta taɓa ta ɗauki hoton kanta. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a watan Yuli na 1906.

Kowace ƙasa da lokacinta. A Kanada da arewacin Amurka masu wannan aiki kan shiga kurmi cikin tsananin sanyi sanye da faffaɗan takalmin da ke hana ƙafa nutsewa a dusar ƙanƙara, wanda shi ma gadon 'yan asalin ƙasar ne, domin a kan ƙanƙara sawu ba ya ɓuya. A dajin Tambuwal da Kebbe, da kewayen Dogon Daji, hunturu ne ke yin wannan aikin. An gama girbi, ciyawa ta bushe ko ta ƙone, itatuwa sun kaɗe ganye in ban da gawo da ke yin kore a lokacin, ido yana kaiwa nesa. Da sassafe sawun gada da na zomo da na zabin daji kan kwanta raɗau a kan ƙurar dare, kafin garken shanu ya bi ta kai. Ruwa ya janye sai a fadamu da gulabe, can tsuntsaye ke taruwa. Hazo yana cin nesa, yana kuma shiga cikin kyamara, amma yana tausasa hasken rana yadda launin gashin tsuntsu ke fita da kyau in an matso.

A Najeriya sana'ar ta fi samun gindin zama a gandun daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962, kuma da rani ake samun giwaye da ɓauna da gwanki a bakin kogin Gaji. Amfanin hoto mafi girma a wannan yanki ya bayyana ne a Kure ta Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a can 49 ne kacal. Da yake zanen jikin kowanne daban yake, masu bincike suka riƙa ɗaukar kowane ɗaya ta dama da ta hagu, suna ƙidaya su da hoto shekara bayan shekara, har adadin ya haura 600.

Wayar hannu ta sa kyamara a aljihun manomi da makiyayi, waɗanda suka fi kowa sanin inda fakara ke kwana. Sai dai abin ya zo a makare ga wasu halittun. Gauraka da a da ke cika fadamun arewa ta yi wuyar gani, burtu ma ya shiga jerin tsuntsayen da ake fargabar ƙarewarsu. Saran itace da faɗaɗa gonaki sun rage dajin, matsalar tsaro ta 'yan shekarun nan kuma ta sa shiga dazukan Kebbe da iyakar Zamfara ya zama kasada ga maharbi da mai kyamara baki ɗaya.