Daga Mai Cin Tara Zuwa Jagoran Baƙi: Tarihin Ma'aikacin Gandun Daji a Adar

A Satumban 2025 tafkin Tabalak ya cika shekara 20 cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, tare da tafkin Ɗan Dutsi. Amma baƙon da ya taso daga Tawa ya bi hanyar Abalak, bayan tafiyar kilomita kamar 50, da wuya ya tarar da mai kaki a bakin ruwa da zai ce masa: "Ga kirinjijiya, ga zalɓe, waccan kuwa daga Turai ta zo cin rani." A gandayen dajin Amurka wannan aikin yau da kullum ne na masu tsaron daji. Me ya hana mu?

Kafin zuwan Turawa, daji yana da masu shi. Sarkin baka da maharbansa su suka san makwancin barewa da lokacin da ba a taɓa ta, makiyayan Azawak kuma sun san kowace rijiya. Wanda zai shiga dawa, wurinsu yake neman ɗan rakiya.

Wasu na cewa fari ne ya kashe zancen: bayan yunwar 1973 da ta 1984, jimina da barewa sun ƙaurace, to me za a nuna wa baƙo? Wasu kuma su ɗora laifin kan rashin tsaro. Duka biyun gaskiya ne, amma ni a ganina tushen ya girme su. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa yankunanta na Afirka ta Yamma ranar 4 ga Yuli 1935 ita ta haifi ma'aikacin gandun daji (Eaux et Forêts) kamar yadda muka san shi: kaki, takardar izini, tara. Daji ya zama na hukuma, talaka ya zama abin zargi. Bayan mulkin kai, dokar gandun daji ta 1974 ta gaji wannan hali kusan yadda yake. Manomi ya ga gawo ya tsiro a gonarsa, sai ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, don in ya girma ba shi da ikon sare reshe ɗaya. Mace ta hango babur ɗin ma'aikaci, ta yar da damin icce ta shige kwazazzabo. Mutumin da ake gudu haka, wa zai bi shi yawon buɗe ido?

Abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa kan wannan ra'ayi shi ne, duk inda ma'aikacin ya ajiye littafin tara a nan Adar, an ga aiki. A kwarin Majiya na Buza, daga 1975, ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoma suka jera layukan dogon yaro don tare iska, gero ya samu sauƙi. A Keita, daga 1984, da tallafin Italiya da hukumar FAO, mata suka ɗauki duwatsu a ka suka farfaɗo da faƙo. Namun daji ba su dawo ba, amma jama'a sun zauna inuwa ɗaya da mai kaki. Dokar gandun daji ta 2004 ta zo ta buɗe wa ƙananan hukumomi da al'umma ƙofar kula da dazuzzukansu, sai dai ta zo a makare.

Jagorancin baƙi na sosai a Kure ya kankama, kusa da Yamai, inda raƙuman dawa suka ragu zuwa 49 a 1996, ƴan ƙauye suka kafa ƙungiyar jagorori, dabbobin suka haura 600. A 2018 aka kwashi takwas zuwa gandun Gadabeji na Dakwaro, maƙwabcinmu ta gabas, wanda aka keɓe tun 1955. Harin 9 ga Agusta 2020 a Kure, da ya ci rayuka takwas har da shugaban jagororin, ya tsinke zuwan Turawa.

To amma wa ya ce baƙo sai Bature? Ɗaliban Jami'ar Tawa baƙi ne, yaran firamare na Kalfu da Barmu baƙi ne. A cika mota ɗaya da su lokacin sanyi, a kai su Tabalak da hantsi, a haɗa ma'aikacin gandun daji da tsohon masunci da tsohon maharbi, kowa ya faɗi sunan tsuntsun da ya sani da inda yake kwana.