Zaman aure idan mutum ɗaya ne ke ɗauke da ƙwayar HIV

Ana samun gidajen da miji ko mata ke ɗauke da ƙwayar HIV mai karya garkuwar jiki, alhali abokin zama bai kamu ba duk da shekarun da suka yi tare. Wannan sakamako shi kaɗai ba hujjar cin amana ba ne, domin mutum na iya kamuwa tun kafin aure bai sani ba.

Babbar kariya ita ce mai ƙwayar ya fara shan magani da wuri, ya kuma dage a kai kullum. Binciken HPTN 052 na 2011 ya nuna hakan na rage yaɗuwarta tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100. Idan gwaji ya tabbatar ƙwayoyin sun yi ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, kuma suka ci gaba da zama haka, ba sa yaɗuwa ta hanyar saduwa. Kaiwa wannan mataki kan ɗauki har wata shida, kuma awon asibiti ne ke tabbatar da shi, ba kyawun jiki ba.

Kafin nan, wanda bai kamu ba zai iya shan maganin rigakafi na PrEP, tare da amfani da kwaroron roba. Idan kwaroron ya fashe, akwai maganin gaggawa da ake farawa cikin awa 72, a sha kwana 28.

Haihuwar lafiyayyun 'ya'ya mai yiwuwa ce da shawarar likita. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, gwajin ya kamata ya haɗa da kowace.